Yadda ruwan kwata ke sa namijin kifi yin ƙwai

In ka taɓa zama da masu kiwon karfasa ka san suna da wata dabara da ba kowa suke faɗa wa ba. Karfasa kifi ce mai haihuwar tsiya, in ka haɗa maza da mata a kududdufi ɗaya kafin ka ankara ya cika da ƙananan 'ya'ya, abinci ya ƙare, babu wanda ya yi girman da za a kai kasuwa. To sai su samo wani homon na maza, wato irin sinadarin da ke kai wa jiki saƙo ta cikin jini, sunansa metiltestostiron, su gauraya kamar miligiram 60 a kilo ɗaya na abinci, su ba 'ya'yan kifin tun suna kamar ƙwayar shinkafa, sati uku zuwa huɗu. Shikenan. Kusan duka sai su tashi maza, har da waɗanda da an bar su mata za su zama. Wato jinsin kifi ba kamar namu ba ne da an gama magana tun a ciki, nasa yana da ɗan lokaci a farkon rayuwa da yake kamar ɗanyen yumɓu, duk inda homon ya lanƙwasa shi nan zai bushe.

Na fara da wannan ne don abin da ya faru a kogunan Ingila shi ne dai wannan ɗin, sai dai a juye, kuma babu wanda ya yi niyya. Babu mai kiwo, babu awo, babu ranar dainawa. Maza ne suka riƙa komawa wajen mata, kifayen kogi da ba na kowa ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara lura, a tafkunan da ake tara ruwan da ya fito daga matatar ruwan bahaya kusa da kogin Lea a yankin Landan, cewa wasu kifaye da Turawa ke kira roach in an feɗe su sai a ga mata-maza ne, ga kayan namiji ga ƙwai a wuri ɗaya. Roach ɗin nan kifi ne gama-gari a can, kamar yadda karfasa take a wajenmu, kuma a al'ada ba ya haka. An ɗauki shekaru ana ta ƙila wa ƙala, har wasu masana, cikinsu da John Sumpter na Jami'ar Brunel, suka yi wani gwaji mai sauƙi da ni dai yana burge ni har yanzu: suka zuba lafiyayyun kifin trout a keji, suka jiƙa kejin a daidai bakin bututun da matatun ke sako ruwa, wurare daban-daban a Ingila da Wales, suka dawo bayan sati biyu zuwa uku suka ɗebi jininsu.

Abin da suke nema a jinin sunansa bitalojenin. Furotin ne da hantar macen kifi ke haɗawa in lokacin ƙwai ya zo, jini ya kwashe shi ya kai cikin ƙwan ya zama gwaiduwa, abincin ɗan kifi kenan kafin ya iya ci da bakinsa. Namiji ma hantarsa ta iya haɗa shi, umarni ne kawai ba ta samu, don homon ɗin mata, istrojin, shi ne mai ba da umarnin kuma namiji ba shi da shi da yawa. Saboda haka in ka ga bitalojenin ya cika jinin namiji to ba sai an yi maka dogon bayani ba, istrojin ya shige shi daga waje. Mazan da aka sa a kejin nan nasu ya ninka sau dubbai, wasu har sun wuce macen da ke dab da zuba ƙwai. A 1994 aka wallafa sakamakon.

Masu gardama suka ce ai kifin keji ne, kun kai shi bakin bututu kun ɗaure, na kogi yana da 'yancin ya matsa. Gardama ce mai ma'ana. Sai Susan Jobling da abokan aikinta suka bi koguna 8 suna kamo roach na daji, sama da matata da kuma ƙasa da ita, suna yanka marainan sirara-sirara suna dubawa a madubin likita, aka fitar a 1998. A wuraren da ruwa ke da tsabta ɗan kaɗan ne ke da matsalar, kamar 4 cikin 100. A ƙasan matatu kuwa abin ya tashi, a kogin Aire da kogin Nene duk namijin da aka duba sai da aka samu alamar mace a jikinsa, 100 bisa 100. Daga baya hukumar muhalli ta Ingila ta faɗaɗa binciken zuwa wurare 51, aka samu irin waɗannan kifaye a kashi 86 cikin 100 na wuraren.

Kuma fa a ido ba ka ganin komai, wannan shi ne abin da ya sa aka daɗe ba a farga ba. Kifin na iyo lafiya lau, yana cin ƙugiya, ba ƙuraje ba wari, ba irin gubar nan ba ce da za a wayi gari a ga kifi birjik a bakin ruwa ciki sama. Sai an feɗe. A mai sauƙin sai ka ga ƙwai ɗaya-ɗaya a warwatse cikin naman maraina kamar tsakuwa a shinkafa, a mai tsananin kuwa rabin kayan ya koma na mace, kuma bututun da maniyyi zai bi ya fita ya rikiɗe ya zama irin ramin da ƙwai ke taruwa, to ko an yi maniyyin ta ina zai fita. Ga shi wanda ake samu ma ya yi ƙaranci kuma ba ya gudu sosai. Bitalojenin ɗin da namiji ke ta haɗawa ba shi da ƙwan da zai zuba shi, sai ya taru yana wahalar da ƙoda da hanta a banza.

To mene ne a cikin ruwan? Da farko zato ya fi karkata kan masana'antu, kuma a kogin Aire zaton ya yi daidai, don yankin Yorkshire wurin wankin ulu ne, ana wanke gashin tumaki da wani irin sabulu wanda in ya ruɓe a matata yake barin sinadarin nonilfenol, shi kuma siffarsa ta ɗan yi kama da istrojin. Abin kamar kwaɗo da makulli ne, a cikin ƙwayoyin jiki akwai kwaɗon da istrojin kaɗai ya kamata ya buɗe, amma ka san yadda wani tsohon makullin da ba na ƙofar ba in ka jijjiga shi yake buɗewa, haka nonilfenol yake, haka bisfenol A na robobi yake, ba su da ƙarfi sosai amma in sun yi yawa suna buɗewa. Da masu wankin ulun suka bar wannan sabulu ruwan Aire ya yi sauƙi, Tarayyar Turai ma ta taƙaita amfani da shi daga 2005.

Amma da aka ɗebo ruwan matatun gari, na gidajen mutane zalla, aka rarraba shi kashi-kashi ana gwada kowane kashi don a ga wanne ne ke buɗe kwaɗon, amsar da ta fito a 1998 ta ba mutane kunya kaɗan. Fitsarinmu ne. Istrojin iri biyu na halitta da jikin ɗan Adam ke fitarwa kullum, istron da istradayol, sai na uku na haɗi wanda ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa, ana taƙaita sunansa EE2. Wani abin mamaki, jiki ba ya sakin su haka nan da ƙarfinsu, hanta sai ta liƙa musu wani ɗan sinadari ta kashe kaifinsu tukuna, kamar a mayar da wuƙa kube. Bakteriyar cikin bututun bahaya da ta matata ita ke cinye kuben, wuƙar ta fito tsirara, a sako ta kogi. Matatun kuwa tun asali ba don wannan aka gina su ba, an gina su ne su cire ƙazanta da wari da ƙwayoyin cuta, suna rage homon ɗin amma ba sa gamawa da shi, musamman EE2 da dama da gangan aka ƙera shi ya yi taurin kai don kar hantar mace ta narkar da shi da wuri. Taurin kan da ya sa ya zama magani mai aiki shi ne dai ya sa bakteriya ke shan wuya da shi.

Yanzu maganar yawa, don nan ne kan mutum ke ɗaurewa. Ana auna waɗannan abubuwa da nanogiram a lita. Bari in kawo shi kusa: nanogiram 5 a lita daidai yake da giram 1 a cikin lita miliyan 200, in ka auna da tankar mai ta lita 33,000, wajen tanka 6,000 kenan. Dunƙulen Maggi ɗaya giram 4 ne, ka raba shi huɗu ka jefa kashi ɗaya a tanka dubu shida. Duk mai hankali zai ce wannan ai babu ne. Sai dai homon dama can haka yake aiki, saƙo ne ba abinci ba, a cikin jini ma da ɗan mitsitsin nan yake juya jiki gaba ɗaya. Ga shi kifi ba kurɓa yake ya tashi ba, a ciki yake kwana yake tashi, ruwan na bi ta jan abin nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da shi dare da rana, sinadarin na wucewa jini kai tsaye. Sannan kogunan Ingila ƙanana ne ga mutane jibge a kansu, lokacin zafi in ruwa ya ja baya akwai kogin da rabin abin da ke gudana a cikinsa ko fiye daga matata ya fito. Kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, wannan kaɗan wancan kaɗan, kowanne shi kaɗai bai isa ya yi komai ba amma tunda kwaɗo ɗaya suke taɓawa sai ƙarfinsu ya haɗu.

Tambayar da ta rage ita ce, to sai me? Namiji ya yi ƙwai a maraina, shin kifin zai ƙare ne a kogin ko kuwa abin kallo ne kawai na masu madubi. Kanada ce ta amsa wannan, kuma ta hanyar da ba kowace ƙasa za ta iya ba. A arewa maso yammacin Ontario suna da wasu tafkuna a daji da aka ware musamman don gwaji, ba gari ba gona kusa. Karen Kidd da tawagarta suka ɗauki guda, Tafki na 260, suka yi shekara biyu suna ƙirga abin da ke ciki, sannan daga 2001 zuwa 2003 suka riƙa zuba EE2 suna riƙe shi a nanogiram 5 zuwa 6 a lita, lissafin Maggin nan da na yi. Akwai wani ɗan kifi a tafkin, fathead minnow, bai wuce tsawon yatsa ba kuma ba ya daɗewa a duniya. Shekarar farko mazan suka cika da bitalojenin. Bayan ta biyu aka nemi ƙananan 'ya'ya aka rasa, haihuwa ta tsaya, kuma tunda kifi ne mai gajeren kwana, tsofaffin na mutuwa babu masu maye gurbi, cikin 'yan shekaru ya kusa ƙarewa ƙaf a tafkin. An wallafa a 2007. Abin bai tsaya kansa ba, babban kifin trout na tafkin da ke cin waɗannan ƙanana shi ma ya ragu, ba don homon ya taɓa shi sosai ba, yunwa ce. Da aka daina zubawa kuma, bayan 'yan shekaru ƙananan suka dawo kamar da.

Sai dai a nan ina ganin ya kamata a yi adalci, don masu yaɗa labarin nan sukan tsaya a Tafki na 260 su ce shikenan kifin duniya ya ƙare. Roach na Ingila bai ƙare ba. Masanan Jami'ar Exeter, wajen su Charles Tyler, sun haɗa maza masu matsalar da lafiyayyu a tanki ɗaya da mata, suka yi gwajin DNA wa 'ya'yan don a san uban kowa, suka ga masu tsananin matsalar rabonsu na 'ya'ya yakan faɗi har da kashi 76 cikin 100, amma masu sauƙin suna haihuwa. Da suka duba kogunan kansu a 2014 sai suka ga roach na ci gaba da riƙe kansa ko a inda ruwan matata ya yi yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, roach na shekara goma ko fiye, mace ɗaya na zuba ƙwai dubbai, namiji lafiyayye ɗaya ya isa mata da yawa, ga kogi a buɗe wasu na shigowa daga wani wuri. Tafki kuwa rufe yake, ɗan minnow kuma ba shi da shekarun jira. Wato amsar ta danganta da wane kifi, wane ruwa. Ni abin da ya fi damuna ma su ne ƙananan kifayen da ba mai kamawa balle ya ƙirga, waɗanda in sun ɓace sai dai a ga manya sun rame a rasa dalili.

Wani abin da nake so in taɓa, don na san inda hirar nan ke zuwa in ta shigo hannun mutanenmu: za a ce ka gani ko, maganin tazarar haihuwa ne. EE2 na da hannu, babu musu, kuma a jikin kifi ya fi na halitta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma in ana maganar yawa, na halitta ya fi shi a ruwan, kowace mace na fitarwa ko ta sha ƙwaya ko ba ta sha ba, mai ciki kuma tana fitar da ninkin-ba-ninkin na wadda ba ta da ciki, kai maza ma muna fitar da namu. Ga dabbobi, shanu da kaji. A Amurka da aka samu kifin bass maza da ƙwai a kogin Potomac daga 2003, binciken Vicki Blazer ya nuna abin ya fi tsanani a yankunan noma da kiwo, ba lallai sai ƙasan matatar gari ba. Kuma ba kullum wajen mata ake komawa ba, a Florida ƙasan masana'antar takarda matan wani ɗan kifi ne suka riƙa fitar da kayan maza. Ko yau aka daina shan ƙwayar a duniya, gari mai mutum miliyan zai ci gaba da aika istrojin kogi. Haka masu cewa in ka ci kifin kai ma za ka koma, a yi haƙuri, kai ba a cikin ruwan kake numfashi ba, kuma jikinka da kansa yana haɗa homon da ya fi wanda ke cikin naman kifin.

Abin da ya gamsar da ni cewa matsalar ta matata ce ba ta mata ba, shi ne abin da ya faru a kogin Grand, can Ontario ɗin dai. Ƙasan matatar garin Kitchener akwai wani ɗan kifi mai launi, rainbow darter, wanda a wasu shekarun duk namijin da aka kama sai an samu ƙwai a jikinsa. A 2012 aka gyara matatar, kuma ba don kifin aka yi ba, amoniya ake so a rage, sai aka ƙara hura iska a tankunan aka ba bakteriya isasshen lokaci su yi aikinsu. Bakteriyar da ta samu iska da lokaci sai ta haɗa har da homon ɗin ta cinye. Mark Servos na Jami'ar Waterloo da ɗalibansa suna bin kifin tun kafin gyaran, suka ga a shekarar farko abin ya sauko zuwa kashi 29, cikin shekara uku ya koma ƙasa da kashi 10. Mutanen Kitchener ba su canza komai a rayuwarsu ba, ba wanda ya daina shan maganinsa.

Cire ragowar gaba ɗaya ne ke da tsada, sai an sa iskar ozon ko gawayi na musamman da ke tsotse sinadaran. A Ingila da Wales an taɓa ƙiyasta abin zai ci kusan fam biliyan 30, gwamnati ta ja da baya, kuma binciken da aka sake yi aka fitar a 2023 ya nuna matsalar ta ragu a roach amma tana nan a wurare da yawa. Suwizalan ita ta rufe ido ta yi doka daga 2016, za a gyara matatu wajen 100 cikin kusan 700, kowane mutum na biyan abin da bai wuce faran 9 na kuɗin ƙasar ba a shekara. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta ce kamfanonin magani da na kayan kwalliya su za su ɗauki aƙalla kashi 80 na kuɗin wannan ƙarin tacewa, su kuma suna ta ƙorafi, wanda ba abin mamaki ba ne.

Kar a ɗauka abin na Turawa ne kawai. A 2004 an samu tarwaɗa, irin tamu ɗin nan da ake gasawa, maza da ƙwai a maraina a madatsun ruwa na Rietvlei kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. A Najeriya ma Aina Adeogun ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta sun ba da rahoton karfasa mata-maza a 2016, a tafkin Eleyele wanda Ibadan ke shan ruwansa, da kuma kogin Ogun. Bambancinmu da su Kitchener shi ne su gardamarsu a kan matakin tacewa na uku da na huɗu take, mu kuwa yawancin garuruwanmu ruwan kwata daga lambatu sai rafi, ba na ɗaya balle na biyu. Salga da sokawe suna ɗan riƙe wani abu a ƙasa, zafin rana ma na taimaka wa bakteriya, amma duk wanda ya san Jakara ya san abin da take ɗauka: wankan birnin Kano da wankinsa, ruwan mayanka, sannan ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko na masana'antun Bompai, duka su gangara dam ɗin Wasai. Da damina ruwan sama na surka shi. Daga Janairu zuwa Mayu kuwa babu abin surki, abin da gari ya zubar shi ne kogin, kuma a ƙarshensa akwai masunta da komarsu suna kamo karfasa da tarwaɗa suna kaiwa kasuwa.